Ɗan Sandan Ikko A Ƙofar Gidan Mutumin Duvu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan'uwanmu mazauna Kudu. Ana jin ta a zangon shanu na Agege, ana jin ta a Sabo ta Badun da bakin gadar Anacha, wai ɗan sandan Ikko ba shi da ikon kama mutum a Adamawa, wai idan rigima ta taso maka a Kudu, da ka haye Kwara ka isa gida shi ke nan ka sha. Waɗansu kuma sun riƙi kishiyar wannan magana, suna ganin duk wanda ke da kuɗin mai da na abincin 'yan sanda yana iya aikawa a ɗauko masa mutum daga kowane lungu na ƙasar nan, kamar yadda ake aikawa a ɗauko buhun wake. Na farko ya yi kuskure, na biyu kuwa ya faɗi abin da ake aikatawa ne, amma doka ba ta yarda da shi ba. Tun da yake maganganun biyu duk sun jefa bayin Allah cikin wahala, ya kamata mu zauna mu warware su.

Bari mu ɗauki Duvu ta zama ma'auninmu. Duvu tana cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, wadda hedkwatarta ke Gella, a gindin duwatsun da suka raba Nijeriya da Kamaru. Daga can zuwa Yola tafiyar wajen kilomita 200 ce, zuwa Ikko kuwa ta haura kilomita 1,400, ta ratsa jihohi da yawa. Mu ƙaddara wani saurayi ne daga wannan yanki ya sauka Ikko neman abinci, ya karɓi babur a hannun wani mai hali bisa sharaɗin zai riƙa biya mako mako. Ana nan sai Gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a waɗansu ƙananan hukumomi, kamar yadda ta yi a 2020 ta kuma maimaita a 2022, aka kame babur, sana'a ta tsaya, bashi kuwa yana nan daram. Damina ta faɗi, yaro ya koma gida noma. Mai babur ya nemi wanda ya iya rubutu, aka tsara masa takardar koke, aka kira bashin nan zamba cikin aminci. Bayan mako biyu sai ga mota ba lamba a ƙofar gida da asuba, da mutum uku cikin farin kaya da bindiga. Tambayar da uban yaron zai yi, cikin Gude ko Fulatanci ko Hausa, ita ce tambayarmu: shin waɗannan baƙi suna da ikon taɓa ɗansa?

Amsar farko ba za ta yi wa mutane da yawa daɗi ba. Idan dai 'yan sanda ne na gaskiya, kuma laifi na gaskiya suke bi, suna da iko. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce tak ga Tarayya duka, kuma ba za a kafa wata ba, ko ta Tarayya ko ta wani ɓangare nata. Haka Tsarin Mulkin 1979 ya faɗa kafin shi. Abin da muke kira 'yan sandan Ikko ko 'yan sandan Adamawa reshe ne kawai na runduna ɗaya, an ajiye shi a jiha a ƙarƙashin Kwamishina, Kwamishina kuma yana ƙarƙashin Sufeto-Janar da ke Abuja. Kurtun da ke tsaron hanya a Mushin yau ana iya tura shi Maiha gobe, bai sake kaki ba, bai sake rantsuwa ba. Saboda haka iyakar jiha ba katanga ba ce a gabansa, kuma wanda ya yi fashi ko kisa a Fatakwal ya gudu Mubi yana zaton ya shiga tudun mun tsira, to yaudarar kansa yake yi.

Amma waccan magana ta farko ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a tarihi, dattawanmu kuwa sun ga zamaninta da idonsu. A zamanin En'e kowace masarauta tana da 'yan dokarta, waɗanda aka tsiro da su daga dogaran sarki, kuma ikon ɗan doka yana ƙarewa ne inda ƙasar En'ensa ta ƙare. Ɗan dokan Kano ba ya shiga ƙasar Katsina ya ɗaure mutum ya wuce da shi, sai an rubuta takarda, hukumar can ta kama ta miƙa. Talakan da ya ɓata da hakiminsa yakan tattara nasa ya nasa ya ƙetare iyaka, kuma ba ƙaramin adadi na kakannin masu karanta wannan shafi ba ne suka fara zaman Kudu ta wannan hanya. A gefe guda kuma akwai 'yan sandan Gwamnati, waɗanda Turawa suka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930. Abin dariya a nan, ko kuwa abin tunani, shi ne tushen wannan runduna ma baƙi ne masu kama mutane a ƙasar da ba tasu ba: Hausawa ne Turawa suka ɗauka suka ba kaki a Ikko tun shekarun 1860, har aka kafa musu runduna da sunansu a 1879, don Bature ya lura baƙo ya fi saurin ɗaga kulki a kan wanda bai san uwarsa da ubansa ba.

Su 'yan doka an san abin da ya kashe su. A Jamhuriya ta Farko sun zama bulalar masu mulki a kan 'yan hamayya, a Arewa da Yamma baki ɗaya, kuma tun 1958 Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta nuna cewa runduna ɗaya ta Tarayya ta fi aminci. Da soja suka karɓi mulki a 1966 aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yusufu Gobir ya duba batun 'yan sanda da gidajen yari, Gwamnatin Janar Gowon ta karɓi shawarar a narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, aka yi hakan daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Ba mu cikin masu kukan wannan rashi. Mutumin da ke zaune a garin da ba nasa ba shi ya fi kowa bukatar ɗan sandan da ba na sarkin garin ba ne, kuma falken da aka sace wa tirelar shanu a Lakwaja aka karkatar da ita Inugu ba zai so a ce masa a tsaya rubuce-rubuce tsakanin hukumomi biyar kafin a bi sawu ba.

To, amma ikon kamu daban, ikon ɗauke mutum a ɓace da shi daban, a nan ne kuma ake cin amanar talaka. Tsarin Mulkin da ya ba ɗan sanda ƙasar duka shi ne kuma ya ɗaura masa takunkumi a Sashe na 35. Wanda aka kama dole a gaya masa dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu mai hurumi a tsakanin kilomita 40, idan babu cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace, in ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda kuma aka tsare ba bisa doka ba yana da hakkin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Duvu ba ta kai kilomita 40 daga Mubi ba, a Mubi kuwa akwai majistare, akwai Babbar Kotu. Sai dai masu kamu sun sami ƙofar ɓeraye a cikin kalmar nan ta hurumi. Sukan ce laifin a Ikko aka yi shi, kotun Mubi ba ta da hurumin sauraronsa, saboda haka kotu mai hurumi tana can bayan tafiyar kwana biyu. Da wannan fassara sai agogon Tsarin Mulki ya tsaya cik tun daga Hong har Shagamu, mutum yana ɗaure a bayan mota, ba alƙalin da ya san da shi, ba littafin da aka rubuta sunansa.

Sa'an nan mu koma kan yaronmu mai babur, domin a kansa doka ba ta yi ƙumbiya-ƙumbiya ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Adamawa ma ta yi tata a 2018, ta ce ba a kama mutum saboda rigimar da ba ta laifi ba ko saɓa alkawarin ciniki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita wannan a Sashe na 32. Dokokin biyu sun kuma haramta kamun madadi, watau a zo neman ɗa ba a same shi ba a tafi da uba ko mata ko ƙane, wai sai ya kawo kansa. Sun kuma wajabta wa hukumar da ke tsare da mutum ta sanar da danginsa, ba tare da an caje shi ko kwabo ba. Kotuna ma sun riga majalisa faɗin haka. A shari'ar McLaren da Jennings, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, wani ɗan kasuwa ne aka biya shi kuɗin kaya bai cika alkawari ba, aka zo da ɗan sanda daga Abuja aka ɗauke shi daga Kano, kotu kuwa ta ce karɓar bashi ba ya cikin aikin ɗan sanda. Ashe ke nan mutanen nan uku da suka tsaya a ƙofar gida a Duvu suna da ikon kama ɗan fashi a can, amma ba su da ikon kama mai cin bashi ko da a Agege ne, balle su kwashe tsohon da bai taɓa ganin teku ba.

Mai karatu zai ce, idan doka ta faɗi haka, me ya sa abin bai daina ba? Dalili shi ne nisa kansa ya zama horo, kuma masu ƙarfi sun gane haka. Wanda ke son ya karya abokin gabarsa ba ya bukatar ya ci shari'a, abin da yake bukata shi ne a raba mutumin da garinsu. A watan Agusta 2019 aka kama ɗan jarida Agba Jalingo a gidansa a Ikko, aka tafi da shi a mota har Kalaba saboda rubutun da ya yi a kan Gwamnatin Kuros Riba, ya shafe fiye da wata guda kafin ya ga fuskar alƙali. A 2021 Kotun ECOWAS ta ce a biya shi Naira miliyan 30 saboda abin da aka yi masa, a 2022 kuma kotu ta wanke shi. A watan Nuwamba 2022 jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse suka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter a kan matar Shugaban Ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki kuka aka janye ƙara. A 2023 wata mata a Ikko ta faɗi ra'ayinta a Facebook a kan tumatirin gwangwani, aka kama ta aka sa ta a jirgi zuwa Abuja. A watan Disamba 2024 'yan sanda daga Ekiti suka shiga Ikko suka ɗauke lauya Dele Farotimi suka kai shi Ado-Ekiti bisa koken Cif Afe Babalola cewa littafinsa ya ɓata masa suna, alhali kuwa Jihar Ikko ta cire ɓata suna daga jerin laifuffukanta tun 2011. Ya yi kusan mako uku a tsare, a farkon 2025 kuma aka janye maganar bayan sarakunan Yarabawa sun sa baki.

Ku lura da waɗannan mutane. Ɗan jarida ne, da lauya, da ɗalibin jami'a, da mai wayar da duniya ta ji kukanta, kowannensu ya sami masu yi masa kururuwa. Manomin Duvu wa zai yi masa? Idan aka sauke shi a Ikko aka ce an ba da belinsa, sai an kawo mai tsaya masa wanda ke da gida ko aikin Gwamnati a cikin jihar. Shaidunsa suna can bayan duwatsu, kowane ɗaya kuɗin motarsa zuwa da komowa ya isa ya cinye amfanin gona guda. Matarsa ba ta san ofishin da yake ba. Ƙarshenta a sayar da saniya ko a jinginar da gona a biya abin da mai ƙara ya yanka, har da kuɗin man da aka ƙona wajen ɗauko shi, a kira wannan sulhu. An yi hukunci ke nan an zartar, ba tare da alƙali ya buɗe baki ba.

Kada kuma 'yan sanda su ɗauka wannan magana gaba ce da su, domin irin wannan aiki su ma yana cin su. A zamanin da masu satar mutane ke sa kaki suna riƙe da bindiga irin ta Gwamnati, ta yaya mutanen ƙauye za su bambance jami'i da ɓarawo idan dukansu da dare suke zuwa cikin mota ba lamba? Ranar 6 ga Agusta 2019 wata tawagar 'yan sanda ta musamman daga ofishin Sufeto-Janar ta kama Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, a garin Ibi ta Jihar Taraba bisa zargin satar mutane. A kan hanyar Wukari soja suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu tare da farar hula, wanda aka kama ya kuɓuce, sai daga baya a cikin watan aka sake kama shi a Kano. Soja suka ce an sanar da su cewa masu satar mutane ne suka ɗauke wani, 'yan sanda suka ce ƙarya ne, tawagarsu ta gabatar da kanta ga hukumomin 'yan sandan jihar kafin ta fara aiki. Ko wanne aka gaskata, abin da ya fito fili shi ne tafiya da fursuna ta ƙasar da ba a san ka ba wasa ne da rai, kuma a yankin Mubi, wanda ya ɗanɗani mamayar Boko Haram a 2014 har yau kuwa mafarauta da 'yan banga ba su ajiye makamansu ba, haɗarin ya ninka.

Maganin da muke gani ba baƙon abu ba ne, domin dokokinmu na da sun san shi. Tsohuwar dokar shari'ar laifuffuka da aka gada daga Turawa ta tanadi cewa takardar kamun da kotun wata jiha ta bayar, kafin a yi aiki da ita a wata jihar, sai majistaren wurin ya sa mata hannu. Idan an kama mutumin a gabansa za a fara kai shi, shi ne zai ba da izinin a tafi da shi, ko ya ba da belinsa ya je da ƙafarsa ranar da aka sa, ko ma ya sallame shi idan ya ga tuhumar ba ta taka kara ta karya ba, ko ba da zuciya ɗaya aka nemi kamun ba, ko kuwa tafiyar za ta zama zalunci. Dokar 2015 ma ta ce wanda aka kama da takarda a wajen yankin kotun da ta bayar da ita a kai shi kotun wurin da aka kama shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin kamun da muke magana a kai ba da takardar kotu ake yin su ba, da takardar koke ake yi, wadda wani babban jami'i ya sa wa hannu a ofis. Ƙasar Indiya, wadda ita ma tarayya ce mai jihohi da harsuna barkatai, ta toshe wannan ƙofa da kalma ɗaya. Tsarin mulkinta ya ce a kai wanda aka kama gaban majistare mafi kusa cikin awa 24, bai ce mai hurumi ba. Saboda haka ɗan sandan da ya zo daga wata jiha sai ya nemi izinin wucewa da fursunansa daga alƙalin garin. A Amurka kuwa, inda kowace jiha ke da 'yan sandanta, gwamna ne ke rubuta wa gwamna, wanda aka kama kuma yana da ikon ya ƙalubalanci miƙa shi a kotu.

Abin da muke nema ke nan a rubuta ɓaro-ɓaro a dokar Tarayya da ta jihohi: duk wanda aka kama a wata jiha domin a kai shi wata, da takarda ko ba takarda, kada a fitar da shi sai an rubuta shi a littafin caji ofis mafi kusa, an sanar da danginsa inda za a kai shi, an kuma tsayar da shi gaban majistare mafi kusa. Majistaren Mubi ba zai saurari shari'ar Ikko ba, kuma ba wanda ya ce ya saurara. Tambaya uku kawai zai yi: wannan shi ne mutumin da ake nema, abin da ake zarginsa da shi laifi ne ko bashi, kuma akwai dalilin da zai hana a ba da belinsa ya kai kansa? Awa guda ta isa. Masu cewa wannan zai ba ɓarayi damar tserewa ba su faɗi gaskiya ba, domin ɗan fashi yana nan a ɗaure sa'ad da ake tambayoyin, wanda zai tsere kawai shi ne mai koken ƙarya. Sufetocin 'yan sanda sun sha ba da umarni a daina tsoma baki cikin rigimar ciniki da filaye, a daina kwashe ƙararraki daga jihohi zuwa Abuja ba dalili, amma umarnin ofis da mai shi yake tafiya. Abin da alƙali zai tambaya a kansa shi ne ke zama.

Mutumin Duvu yana da wata iyaka a bayan gidansa wadda ta bambanta da ta jiha, ya kamata a faɗe ta don kada a rikita su. Kakanninsa sun zauna ƙarƙashin Jamus, sa'an nan Ingila ta riƙe yankin amana, har ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 ta shigo da shi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, daga nan Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Duk waɗannan sauye-sauye na jiha ba su rage ikon ɗan sanda ba, amma layin da aka ja tsakaninsa da danginsa na Kamaru ya yanke shi ƙaf. Ɗan sandan da ya yi tafiyar kilomita 1,400 da cikakken iko, idan ya ƙara 'yan kilomita kaɗan gabas ya zama baƙo mai ɗauke da makami ba izini, haka shi ma jandarman Kamaru idan ya biyo mutum ya shigo. Hanyar da doka ta sani ita ce a nemi hukumar can ta kama, a bi ta kotu a miƙa. Gwamnatoci kansu sukan yi gajen haƙuri da wannan hanya, kuma ba a manta yadda aka sami Alhaji Umaru Dikko cikin akwati a filin jirgin sama na Ingila a watan Yuli 1984 ba, ko yadda aka kama shugabannin 'yan awaren Kamaru a Abuja a Janairu 2018 aka miƙa su Yawunde, Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2019 an saɓa doka.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Wa ke rubuta yawancin takardun koken nan da ake ɗauko 'yan Arewa da su? Sau da yawa ɗan'uwansu ne na zango. A da, cinikin shanu da goro a Sabo bisa amanar maigida yake tafiya: shi ke saukar da falke, shi ke tsaya wa mahaucin da ya ɗauki shanu bashi, idan an sami saɓani a je gaban Sarkin Hausawa, wanda ya ci amana kuwa kasuwa duka ta juya masa baya, wannan horo ya fi masa ɗauri ciwo. Yau an bar wannan, an kuma ƙi zuwa kotu, an koma hayar kaki. Ba muna cewa mai bin bashi ya yafe dukiyarsa ba ne, hakkinsa ne, cin bashi da niyyar ƙin biya kuwa zalunci ne a kowane addini. Amma a rubuta yarjejeniya da shaidu tun ranar ciniki, a san garin mutum da mai tsaya masa. Jihar Ikko ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, inda ake shigar da ƙara ba sai da lauya ba, an kuma tsara a gama cikin kwana 60. Wanda ya bar wannan ya tura bindiga gidan tsoho, ya sani kotu tana iya ɗora masa diyya tare da 'yan sandan da ya aika, kuma ya koya wa maƙwabcinsa hanyar da za a bi a zo nasa gidan.

Idan kuwa an riga an zo, ku gaya wa na gida kada su yi kokawa, kada su tara jama'a da sanduna, gardama da mai bindiga a bakin ƙofa ba ta taɓa ƙarewa da alheri ba. A nemi katin shaida da ladabi, a rubuta suna da ofishin da suka fito, a kira mai unguwa ya shaida, a roƙi a bi ta ofishin 'yan sandan yankin a rubuta kamun, wani ya bi su ya gani da idonsa. A ranar a sanar da ku da ke Kudu, ku sami lauya ko Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Babbar Kotu, ta can ko ta nan, tana da ikon ta umarci a kawo wanda aka tsare gabanta. Ƙungiyoyinmu na fatake da direbobi da 'yan kasuwa suna tara kuɗin biki da na jana'iza, ba mu ga abin da zai hana su riƙe lauya ɗaya da lambar wayarsa ke hannun kowane ɗan ƙungiya ba.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda batun 'yan sandan jihohi. Jihohin Yamma sun kafa Amotekun a 2020, kuma duk ɗan Arewan da ke bin babbar mota ya san yadda tsayawa a shingensu take. A watan Fabrairu 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa rundunar kowace jiha, yawancin jihohi kuma suka nuna goyon baya kafin shekarar ta ƙare. Duk ranar da ɗan sandan Ikko ya zama na Gwamnan Ikko, na Adamawa ya zama na Gwamnan Adamawa, iyakar da ta mutu tare da 'yan doka ta tashi ke nan, kuma mu mazauna tsakani, masu gida a can da sana'a a nan, mu ne za mu fara jin ta a jikinmu. Wa zai kama wanda ya yi laifi a Ogun ya gudu Gella? Idan gwamnonin biyu ba sa ga maciji fa? Ɗan sandan da ke bin ɓarawo da gudu zai ja birki a kan gada ne, ko zai wuce, kuma kilomita nawa? Wakilin da Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha suka tura Majalisar Wakilai, da Sanatan Adamawa ta Arewa, su ya kamata a aika wa waɗannan tambayoyi a rubuce, da sa hannun sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da Anacha, a kuma nemi su sa sharaɗin majistare mafi kusa cikin duk wani gyaran Tsarin Mulki da ya shafi 'yan sanda kafin su ɗaga hannu.